Wane katin girafik ne zai iya aikin Folding@home a kan sola, ba tare da ya kashe min batir ba?

Autan Kafe (Ringim): Salamu alaikum 'yan gida. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutu. Ina da ɗan shagon kwamfuta a ƙauyenmu kusa da Ringim, taifin, fotokofi, cike fom ɗin JAMB da sauransu. Bara na haɗa sola, fanel 4 masu wat 300, batir tubula 2 masu 200Ah, toh abin da na lura shi ne kafin azahar batir ya cika dam, sauran ranar duk a banza take tafiya sai cajin wayoyin mutane. Shi ne na ci karo da wani abu wai Folding@home, za ka sauke manhaja kwamfutarka ta riƙa taya masu bincike lissafi a kan cututtuka, har da ciwon daji, kuma kun san shi ya ɗauke mana Inna bara waccan, abin sai ya tsaya min a rai. Na gwada da Dell ɗin shago amma tafiyar hawainiya take, suka ce sai da katin girafik, wato katin da ake sa wa kwamfuta don sarrafa hoto, wai ya fi furosesa saurin irin wannan lissafin. Wanne zan saya? Abin da na ware dubu 150 ne, in ta matsa zan iya ƙarawa bayan an sayar da riɗi.

Sarkin Gardama: Wa alaikumus salam. Nawa suke biya a wata?

Autan Kafe (Ringim): Ko sisi. Maki kawai suke rubuta maka.

Sarkin Gardama: Maki?? Kai Auta Allah ya shirye ka. Mu da muka kwana muna dangwalar Hamster a 2024 har yatsa ya yi kanta, aƙalla mu an yi mana alƙawarin kuɗi kafin a bar mu da hamma, kai tun farko an ce maka babu amma za ka zuba dubu 150. Ka sayi firiza ka sa ƙanƙara da zoɓo mana, watan azumi kaɗai ya mayar maka da kuɗinka.

Anti Nas (Birnin Kudu): Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Sarki ka bar yaron nan, ba mainin ɗin nan na haƙar kuɗin kirifto ba ne wannan. Bari na faɗa yadda na fahimce shi tun muna makaranta. Furotin ɗin jikinmu kamar dogon carbi ne, kowace ƙwaya amino asid, toh carbin nan ba a miƙe yake zama ba, naɗewa yake ya ɗauki wata siffa, kuma siffar ce aikinsa. In ya naɗe ba daidai ba sai matsala, irin cutar mantuwa ta Alzheimer. Ku duba sikila ma da ta addabe mu a nan, ƙwaya ɗaya tak ce ta canza a carbin himogulobin, amma dubi wahalar da yara suke sha. Ban ce sikila suke bincike a kai ba fa, misali na kawo don a gane girman abin. Lissafin yadda furotin ke motsi ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya, shi ne suke yayyanka aikin su raba wa jama'a.

Malamin Kimiyya (Gumel): Hajiya ta yi bayani. Aikin gayya ne kawai, irin wanda muka tashi muka tarar ana yi a gonar mai gari, kowa ya zo da fartanyarsa. Wani farfesa Vijay Pande ya fara shi a jami'ar Stanford ta Amurka a shekarar 2000. Lokacin korona a 2020 da mutane suka zauna a gida suka yi ta shiga, ƙarfin kwamfutocin da aka tara sai da ya zarce na manyan kwamfutocin duniya na lokacin, shi ne abu na farko da ya haura abin da suke kira eksafulof, wato lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa ɗaya. Kwamfutocin ɗakin kwanan mutane fa. Don haka ba wasan yara ba ne. Amma Auta, kafin maganar kati, Dell ɗin taka wace iri ce, doguwar ko siririyar nan ta ofis?

Autan Kafe (Ringim): Amin Anti na gode. Ranka ya daɗe OptiPlex 7010 ce, Beljiyam na saya, siririyar da ake kwantarwa a ɗora monita a kai.

Gema na Wudil: Tab. An zo wajen.

Dillalin Birni: Auta kar ka wahalar da kanka, ina da RX 580 mai 8GB guda uku a ƙasa, tsaf suke kamar sababbi, kuɗinka ya isa har ka samu canjin mota. 8GB fa oga, ba ƙaramin kati ba ne. Ka yi min magana ta bayan fage.

Gema na Wudil: Alhaji Dillali da girmanka, RX 580 ina zai shiga a siririyar 7010? Ko murfi ba zai rufu ba. Sannan katin nan wat 185 yake ja shi kaɗai kuma sai an ba shi kebur na daban daga fawa saflai, ita kuwa siririyar Dell fawa saflai ɗinta duka-duka wat 240 ne kuma ba ta da wannan kebur ɗin. Ka sa masa kenan ka sa wa jaki kayan raƙumi. Kuma maganar 8GB da kake ta nanatawa, a wasa ne take da tasiri sosai, shi wannan aikin ba yawan memori yake nema ba, saurin lissafin katin ne da kuma sabuntarsa.

Dillalin Birni: Sai ya canza kes da fawa saflai mana, duk ina da su.

Gema na Wudil: Ai na san kana da su, hhh.

Injiniyan Sola (Kazaure): Ku tsaya ku tsaya, duk kun fara daga sama. Ni tambayar da nake yi wa duk wanda ya zo min da sabon kaya ita ce wat nawa, awa nawa. Auta ɗauko biro. Batir biyu 200Ah a kan volt 12 kowanne, lissafin takarda 4800Wh kenan, amma tubula in kana son ya yi maka shekaru kar ka riƙa shan fiye da rabi, ya zama 2400Wh ne naka na gaskiya, wannan ma in batirin na da lafiya, kuma inbata tana cin nata kason. Yanzu ka ɗauka ka bi shawarar Dillali, kati 185, sauran kwamfuta da furosesa a ce 70, kana wajen wat 250. Daga biyar na yamma da rana ta yi sanyi zuwa takwas na safe awa 15 ne, 250 sau 15 ya ba ka 3750Wh. Ka ga tun kafin asuba inbata ta fara kuka, ka maimaita haka wata uku batirinka sun zama na 'yan gwangwan. Kuma kai ka san nawa ka saye su. Ko ƙaramin kati mai wat 75 ka sa, jimla a ce 140, sau 15 ya kama 2100Wh, ka cinye kasonka kaf ba fanka ba ƙwan fitila. Don haka maganar kwana ana aiki ka cire ta a ranka gaba ɗaya. Abin da kake da shi kyauta shi ne tsakanin tara na safe zuwa huɗu na yamma, awa bakwai, shi ma in ba a kunna injin fotokofi ba, don wannan in ya tashi dumama kansa ja yake kamar dutsen guga.

Sarkin Gardama: Yauwa Injiniya faɗa masa. In kuma wutar layi ce ta mita, wat 250 dare da rana yunit 6 ne kullum, a farashin Band A da aka kai naira 225 a watan Afrilun 2024, naira 1,350 a rana, sama da dubu 40 a wata. Don maki.

Autan Kafe (Ringim): Sarki mu ina muka ga Band A, rabon garinmu da wutar layi tun da iska ta kayar da turakun bara. Injiniya na gane, awa bakwai ɗin ma ya ishe ni. Kenan in nemi ƙaramin kati mafi araha kawai, irin GT 730 da na gani, tunda ba gaggawa nake ba?

Malamin Kimiyya (Gumel): A'a ɗana, nan ne mutane ke faɗawa rami, kuma ni na faɗa. Kowane ƙunshin aiki da suka turo maka da wa'adinsa yake zuwa. Ba kamar sussukar gero ba ce da za ka yi rabi yau ka ƙarasa jibi ko gata yadda ka ga dama. In lokacin farko ya wuce ba ka mayar ba sai su tura wa wani wannan aikin, in wa'adin ƙarshe ya wuce kuma abin da ka yi ya tashi a tutar babu, ka ƙona wuta, ka kuma ɓata wa masu binciken lokaci domin aiki na gaba a kan sakamakon naka ake gina shi. Ni da tsohuwar kwamfutar ɗakin gwaji na fara, na bar ta ranar Alhamis aiki ya kai kashi sittin da wani abu, Juma'a aka yi hadari, Asabar da Lahadi makaranta a rufe, ranar Litinin na kunna na tarar an zubar da shi an fara sabo daga sifili. Raina ya sosu wlh. Toh wanda ke Turai kwamfutarsa na kunne awa 24 zai iya lallaɓawa da ƙaramin kati. Kai mai awa bakwai, kati mai rauni shi ne babban maƙiyinka, kana buƙatar wanda zai karɓi aiki da safe ya gama ya mayar kafin la'asar. GT 730 kam ko kyauta aka ba ka, ka sa shi ya riƙa nuna hoto a monita kawai.

Autan Kafe (Ringim): Ikon Allah. Babba ya kashe batir, ƙarami ya kasa cika wa'adi. Toh ina mafita ranka ya daɗe?

Gema na Wudil: Mafita sabon zubi mai cin wuta kaɗan. Duba nan:
GTX 1050 Ti wat 75, ba ya son kebur, amma na 2016 ne ya tsufa
GTX 1650 wat 75, mafi yawansu ba kebur, akwai gajeru da ke shiga siririn kes
RTX 3050 mai 6GB wat 70, ba kebur, shi ma akwai gajere
RTX 3060 wat 170
RTX 4060 wat 115
Ka lura 4060 bai kai RX 580 ɗin Alhaji cin wuta ba amma a aiki ko ƙurarsa 580 ba zai gani ba. Da kuɗi ne da kes babba, 4060 zan ce maka ido rufe. Amma a Dell ɗinka yadda take, 3050 6GB gajere ko 1650 gajere, iyakarka kenan. Ka kula akwai 3050 mai 8GB, wannan daban ne, ya fi cin wuta kuma yana son kebur, kar a haɗa ka da shi a ce ai ya fi. Kuma ka tabbata an haɗo maka da gajeren ƙarfen nan na baya da ake ɗaure katin da shi, in babu sai ka koma ɗaurewa da waya.

Dillalin Birni: Duk Nvidia ka lissafo, ko suna biyanka ne?

Gema na Wudil: Ina ma, da na bar Wudil. Ba son kai ba ne Alhaji, Folding@home yana amfani da CUDA, wato hanyar lissafin da Nvidia ta yi wa katinta, kuma nan ya fi gudu, na AMD ta wata hanyar daban mai suna OpenCL yake bi. In Einstein@Home ne mutum zai yi, can katin AMD na taɓukawa sosai, ban musa ba. Kowane da gonarsa.

Anti Nas (Birnin Kudu): Wai shi wannan Einstein ɗin kuma wace cuta yake nema?

Malamin Kimiyya (Gumel): Ba cuta ba Hajiya, taurari. Akwai wata manhaja BOINC daga jami'ar Berkeley, ita kamar tasha ce, ayyuka da yawa ke lodi a cikinta. Einstein@Home tun 2005 yake tace bayanan na'urorin hangen sama yana neman wasu matattun taurari masu juyawa da sauri, kuma kwamfutocin 'yan sa-kai sun gano sababbi da dama. Akwai PrimeGrid masu farautar lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu da ɗaya. Akwai SETI@home da ya shahara tun 1999, masu sauraron ko akwai wasu halittu a sama, sun daina raba aiki a watan Maris na 2020. Wanda ya fi burge ni ma World Community Grid, sun taɓa yin aiki a kan maganin zazzaɓin cizon sauro da Ebola, sannan a 2019 suka fara wani na lissafin ruwan sama a Afirka don amfanin ƙananan manoma, tare da jami'ar Delft ta Holan. Waɗannan da furosesa ake yinsu, ba sai da kati ba. Kuma Auta BOINC na da wani abu da zai yi maka daɗi, kana iya saita mata daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza kawai za ta yi aiki, har data kana iya ƙayyade mata.

Sarkin Gardama: Taurari da lambobi. Mutane na neman na masara. Toh.

Anti Nas (Birnin Kudu): Sarki kai da ka sayi data ta dubu nawa a kan kallon ƙwallo watan nan, wa ya ce maka komai? Kowa da inda yake zuba nasa. Yaro ya ce don mahaifiyarsa yake so ya yi.

Sarkin Gardama: Na yi shiru Anti. Amma batun data ɗin gaskiya ne a duba, ƙauyensu sai an hau tudu ake samun sabis.

Autan Kafe (Ringim): Hhh ba ƙarya, rawuta a saman bishiyar darbejiya take a cikin galan. Amma tana kawowa.

Gema na Wudil: Datar ba kamar kallon bidiyo ba ce amma ba kyauta ba, wani sakamakon in za a mayar yakan kai megabait gommai, kuma kati mai sauri ya fi yawan karɓa da mayarwa. Ka sa ido sati na farko ka gani. Wata dabara, a Folding@home akwai maɓallin da ke cewa ya ƙarasa wanda ke hannu kar ya ɗauko sabo, ka danna shi wajen azahar ko ƙarfe biyu, don kar ya ɗauko aiki ƙarfe huɗu saura ya kwana da shi. In ma wuta ta yanke yana ajiye inda ya tsaya lokaci-lokaci, ba daga farko zai koma ba, agogon wa'adin ne dai ba ya tsayawa. Ka kuma nemi faski, wato lambar sirri ta asusunka, a shafinsu, bayan ka mayar da aiki 10 za su fara ba ka ƙarin maki na saurin mayarwa, tunda makin ne albashin naku.

Injiniyan Sola (Kazaure): Saura zafi, ba wanda ya taɓo shi. Awa bakwai ɗin da na ba ka su ne fa mafi zafi a yini. Watan Afrilu da Mayu inuwa ma tana haura digiri 40, shagonka kuma na san rufin kwano ne ba silin. Kati zai yi ta aiki ɗari bisa ɗari ba hutu, ba kamar wasa ba da yake hawa yana sauka, a cikin siririn kes da iska ba ta zagayawa. In ya ji zafi da kansa zai rage gudu, ka ga ka biya kuɗin doki kana tafiyar jaki. Ka buɗe murfin gefe ka sa masa 'yar fankar DC tana hura shi, ka ɗaga kwamfutar daga ƙasa. Da hunturu kuma zafi ya tafi ƙura ta zo, na taɓa buɗe wata kwamfuta a wani shago a watan Janairu, abin da na ciro tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya kamar audugar katifa, har da gidan zanzaro a jikin fawa saflai. Duk sati biyu ka hure ta da bulowa, ka riƙe fankar da yatsa kar ta yi ta juyawa.

Gema na Wudil: Ƙari a kan na Injiniya, ka sauke MSI Afterburner, in katin ya yarda ka rage masa iyakar wuta zuwa kashi 70 ko 80, gudun da za ka rasa kaɗan ne amma zafi zai sauka sosai. Ni haka nake yi wa nawa duk bazara.

Dillalin Birni: Toh naji, 1650 ɗin ma zan iya nemo masa. Akwai kuma 1050 Ti sabo dal a kwali, rabin kuɗi.

Gema na Wudil: Sabo dal a kwali rabin kuɗi, katin 2016? Auta ka ji irin wannan ka riƙe aljihunka. Ban ce na Alhaji haka yake ba, shi ma sayowa yake, amma ni an taɓa yi min. Na yi oda ta intanet, kwali mai kyau, Windows ma ta nuna GTX 1050 Ti, ina sa wasa sai allo ya yi ta zane-zane ya mutu. Da na buɗe GPU-Z, manhajar da ke karanto bayanan kati, sai ga shi ta rubuta jabu ne, ashe tsohon GTS 450 ne aka canza masa suna a cikin firmwaya, wato manhajar da ke cikin katin kansa. Alamar da na gane daga baya, yana da ramin VGA mai shuɗi a baya, ainihin 1050 Ti ba ya zuwa da shi. Sannan su RX 580 da suka cika kasuwa, da yawansu daga gidajen mainin suka fito bayan Ethereum ta daina haƙa da kati a Satumbar 2022, sun yi shekaru suna aiki ba dare ba rana, a wanke a sa sabuwar fanka a ce sabo. Wasu na da lafiya, wasu saura ƙiris. Duk wanda za ka saya a sa shi a kwamfuta a gabanka, GPU-Z ta karanta shi, a kunna FurMark, manhajar da ke matsa wa kati aiki don gwaji, minti 20 kana kallon zafinsa, in mai kaya ya ce ba lokaci ka ce ka gode.

Dillalin Birni: Ni a shagona ana gwadawa, ka tambayi kowa. Har shayi ake ba mutum yana jira.

Malamin Kimiyya (Gumel): Toh madalla Alhaji, haka ake so. Ni dai ra'ayina Auta, kar ka taɓa kuɗin riɗi. In dubu 150 ɗin ta kai 1650 gajere na hannu mai lafiya, fara da shi ka ga yadda damina za ta yi da kai, don watan Agusta akwai ranakun da batirinka ma ba zai cika ba balle rara.

Gema na Wudil: Ni kuma ranka ya daɗe da zai daure ya kai 3050 ɗin da ya fi, wuta kusan ɗaya suke ci amma ya fi gama aiki da wuri, kuma kai ka ce wa'adi ne matsalar.

Malamin Kimiyya (Gumel): Na faɗa, ban janye ba. Amma yaron nan, aure ke gabansa.

Autan Kafe (Ringim): Hhh Malam har an kai nan. Yanzu na kashe ta na buɗe, takardar jikin fawa saflai ta ce 240W kamar yadda Gema ya faɗa, ramin katin ma na gani, dogo mai shuɗi, sai dai ƙura kam Injiniya kamar ka leƙo. Asabar in Allah ya kai mu zan shigo Kano da ita a buhu a gwada duka biyun a kanta, wanda aljihu ya ɗauka shi ne. Gema in kana kusa ka raka ni don ni GPU-Z ɗin nan ban san inda ake dubawa ba.

Gema na Wudil: Ba damuwa, ka kira ni in kun wuce Gezawa. Ka taho da kebur ɗin wutarta, kuma kuɗin motata a kanka.

Sarkin Gardama: In ka fasa, firizar maƙocina na nan ta sayarwa.

Anti Nas (Birnin Kudu): Auta in ka saita ka turo min yadda ake shiga, akwai kwamfuta a gidanmu da yara ke kallon katun kawai. Ita ma siririyar ce ina ji, bari su dawo daga islamiyya a duba min bayanta.